Yarinyar Cikin Fim Ta Yi Daidai Ne?

Ranar Lahadi ce, Mama Aukje ta sauke kirɓaɓɓen dankali da kabeji, ƙamshi ya cika kicin. Bakin 'yarta Sietske ya ƙi rufuwa, don saurayinta Douwe, malamin makaranta a birnin Groningen na ƙasar Holland, ya zo cin abinci, maganar aurensu kuma ta kankama.

Tsautsayi ne ya jawo hirar fim ɗin nan da ya shiga takarar kyauta ta ƙasa. Jiya su huɗu, har da maigidan, suka kalle shi a silima: labarin wani tsoho mai shanun madara, da 'yarsa tilo da ta bar masa gona ta tafi birni.

"Fim ɗin banza!" in ji Baba Wiebe, mahaifin Sietske. "Yarinya ta watsar da ubanta da shanu, wai har kyauta za a ba su?"

Sietske ta taka ƙafar Douwe a ƙarƙashin tebur, amma ina!

"Baba, ni a ganina ta yi daidai. Zamanta a gonar nan ba zama ba ne."

Baba Wiebe ya ajiye cokali. "To, madalla! Ni ma 'ya ɗaya gare ni, da shanu. Ashe abin da ya kawo ka gidana ke nan? Ban amince da auren nan ba!"

"Haba Wiebe, fim ne fa!" in ji Mama. Ko kallonta bai yi ba.

Douwe ya tashi ya fita, Sietske ta bi shi waje tana kuka. "Don Allah ka koma ka ce ka canza ra'ayi! Me zai rage ka da shi?"

"Ki yi haƙuri, Sietske. Ba zan shiga gidanku da ƙarya a bakina ba."

Ta ji haushinsa, ta ji na kanta fiye da nasa. Ita ma fa ta sha kuka a silima, don tun tana ƙarama burinta ta karanta aikin jinya, amma tausayin Baba ya hana ta furtawa.

Ƙauyensu ma ya rabu biyu kan fim ɗin. A shagon burodi tsofaffi na tsine wa yarinyar fim, matasa na kare ta, sai ka ce 'yar maƙwabcinsu ce. Shi kuwa Douwe, taurin kai! Duk Asabar sai ya zo ya zura takalman roba, ya kwashe kashin shanu, ya zuba ciyawa. Baba ko sannu ba ya ce masa. Haka aka cinye lokacin sanyi.

Wata safiya su uku suna tatsar shanu, Baba ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Malam, har yanzu yarinyar fim ɗin ta yi daidai?"

"Har yanzu, Baba."

"Hmm." Ya juyo. "Ke fa, Sietske? Har mai burodi ta faɗi nata, naki ne ban ji ba."

Ta dubi Douwe, wanda ya kusa rasa ta amma ya ƙi yin ƙarya, sai ta ji kunyar ita ta yi ƙarya.

"Baba... ina son ka, ina son shanun nan. Amma aikin jinya nake so. Na daɗe ina so."

Baba ya daɗe yana shafa wuyan saniya, idonsa ya kaɗa. "Kuma kika yi shiru duk shekarun nan? Kai, Sietske!" Ya share fuska da hannun riga. "Har gobe fim ɗin nan bai cancanci kyauta ba. Amma ni ba zan bari 'yata ta fita ta ƙofar baya ba. Ku sa rana. Gona kuwa, ɗan ƙanena ya daɗe yana nacin a ba shi."

Ta faɗa jikinsa tana kuka da dariya.

Fim dai bai ci kyautar ba, Baba ya yi ta zolayar Douwe har ranar biki. Sietske kuwa ta koyi abin da ya fi kyauta: iyaye ba a sayen yardarsu da ƙarya. A faɗa musu gaskiya cikin ladabi, a yi haƙuri, zuciyarsu za ta sauko.