Cinikin Maɗaci

A wani gari can an yi wata mata da zazzaɓin cizon sauro ya raba ta da mijinta. Ta rasa miji, ta gaji bishiyar maɗacin da yake sassaƙa wa masu zazzaɓi.

Ran nan sai ga baƙi masu gwada itatuwa, ko Allah zai sa a dace da maganin cutar. Suka ce, "Inna, sayar mana da sassaƙen. Ga akuya."

Ta ce, "Albarka."

"To, ga saniya."

"Albarka. Ba ku san da wa kuke ciniki ba."

Da rana ta take, lokacin da ba a zuwa gindin itace, ta je duba hajarta. Babu iska, amma ganye yana kaɗawa. Daga cikin kututturen ta ji haƙoran yara suna kaf-kaf saboda sanyin zazzaɓi. Sai muryar marigayi ta ce, "Uwargida, har yanzu albarka?"

Ta dawo, ba ta sunkuyar da kai ba. Ta ce wa baƙin, "Ku riƙe saniyarku. In gwajin ya yi kyau, yaran garin nan za su fara sha, kyauta. A haka na sallama."