Jar Mota Mai Kujera Biyu

Auta na tsakar gida tana shanya ta jiyo rurin mota daga bakin layi. Ta saki bokiti ta ruga neman mayafi.

"Umma, ya iso! Wallahi shi ne!"

"To bi a hankali, kar ki karya mana ƙafa kafin auren," in ji Umma.

Saurayin nata, wanda kowa ke kira Ɗan Gayu, gadon mahaifinsa ya kwashe kaf ya zuba a wata jar mota mai kujera biyu. Ƙofofinta sama suke buɗewa, cikinta kuwa kamar zai lashi ƙasa. Yau ya zo gaida Baba, mahaifin Auta, tsohon makanike da ya shekara talatin a ƙarƙashin motocin mutane.

Baba ko fentin bai kalla ba. Ya sa aka tayar da injin, ya rufe ido ya kasa kunne.

"Yaro, yaushe rabonta da sabis?"

"Am... Baba, baƙin man da take sha ne sai an yi oda daga waje."

"Na ji a muryarta. To saurara. Ka riƙe motar nan wata uku da albashinka, ba rance, ba roƙo. In ka iya, na ba ka Auta."

Auta ta fashe da kuka a bayan labule. "Baba, filis—"

"Shiga ciki, uwata!"

A watan farko ramin titi ya kankare mata ciki, albashi ya tafi. A na biyu taya ɗaya ta fashe, aka ce guda huɗun ake canzawa tare. Ɗan Gayu ya daina cin abincin rana a ofis, wai rage ƙiba yake yi, shi da ko tumbi bai taɓa ajiyewa ba! Da inshora ta kawo kai, sai ya lulluɓe motar da tamfol ya koma zuwa zance a ƙafa.

Ranar da Auta ta ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa, tausayi ya kama ta. Ta miƙa masa ɗan abin da ta tara a ɗinki.

"Karɓi. Baba ba zai sani ba."

"Ni zan sani ai," ya ce, ya mayar mata. "Sori, Auta. Ina jin na rasa ki."

"Ni kai nake so, ba ƙarfe ba!"

Saura mako guda wa'adi ya cika ya durƙusa gaban Baba, idonsa ya yi ja.

"Baba, na kasa. Na sayar da ita jiya. Na kama ɗan gida mai ɗaki biyu, ragowar na ajiye."

Baba ya tuntsire da dariya.

"Ko ni da nake makanike ba zan iya riƙe ta ba! So nake in ga ko za ka yi ƙarya, ko za ka ci kuɗin 'yata don kare girmanka. Turo iyayenka." Ya ɗan ɓata fuska. "Amma ka cuce ni, yaro. Ka sayar ban ko ɗana ta ba!"

Auta ta rungume Umma tana dariya da hawaye.

Haka haƙurinta ya biya ta. Ta auri mutumin da ya iya buɗe baki ya ce "na kasa", kuma irin wannan mijin ba ya barin iyali da yunwa don a tafa masa a titi.