Masaniya da Shunin Taubashinta

Can a wani zamani an yi wata masaniya mai kiwon ƙwayoyin bakteriya a faranti. Tana dasa musu sabon gado, irin wanda 'ya'ya ke gada daga iyaye, don su riƙa ƙera maganin wata cuta da ta addabi yaran garin. In gadon ya kama, ƙwayoyin za su yi shuɗi. Ta duba, fari. Ta sake dubawa, fari.

Taubashinta marini, gwanin tsokana, ya lallaɓa ya ɗiga musu shuni.

Ya ce, "Baiwata, ga shuɗi! In kira iyayen yaran?"

Ta ce, "Tsaya tukuna, sai na ga 'ya'yan ƙwayoyin."

Ta ɗebi kaɗan ta shuka a sabon faranti. 'Ya'yan suka fito farare tas.

Ta harare shi ta ce, "Bawana, shuninka ba ya haihuwa. Wanke min farantan nan, mu sake."