Turakun Rafin Ɗinya

Yammacin wata Laraba ce cikin damina. Ruwa ya ɗauke tun la'asar, amma sararin unguwar Ƙofar Ran bai washe ba. Malam Sabitu ya dawo daga aiki, ya zauna a dakalin ƙofar ɗakinsa bai ko cire hula ba. Matarsa Zubaida tana madafa tana tuƙa tuwo, 'yarsu Zakiyya, wadda ke aji biyar a sakandare, tana kwashe shanya kafin duhu ya rufa.

Sabitu ma'aikaci ne a ofishin da ke tantance hanyoyin da gwamnati za ta gina. A ranar ne kasafin kuɗin baɗi ya sauko daga sama, kuma hanyar Rafin Ɗinya, ƙauyensu da ke can bayan Zungur, ba ta ciki. Zubaida ta leƙo, ta dubi fuskarsa.

"Malam, an sake cire ta ne?"

"An cire," in ji shi.

Ladan bai rufe baki daga kiran magariba ba sai tsakuwa ta zubo a kan rufin kwano, kamar an watsa da tafin hannu. Aka yi shiru. Ta sake zubowa. Sabitu ya fita ya leƙa lungu, ba kowa sai wata akuya da ta raɓe a jikin katanga. Da ya dawo ya tsinci ɗaya ya duba. Jar marmara ce, jiƙaƙƙiya, irin wadda babu ita a unguwar.

Haka abin ya ɗore. Da rana gida lafiya lau, amma da zarar inuwa ta cinye tsakar gida sai jifan ya fara. Daga baya aka soma jin motsi a soro: ana jan kaya a ƙasa, tukwane na karo da juna, yara na ƙananan koke-koke, wata murya tana rarrashinsu ƙasa-ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin masu ƙaura ya san wannan motsi. In an haska fitila, soro wayam.

Sai abin ya koma kan Zakiyya. Kullum gab da magariba takan tattara tufafinta da littattafanta ta ƙulle a zani, ta ɗora a ka, ta tafi soro ta zauna tana kallon ƙofa. Ba ta amsa kira. Bayan isha'i sai ta dawo da ƙullin ta kwance shi, gari ya waye ba ta tuna komai. Ta daina cin abinci sosai, ta daina zuwa makaranta. An kai ta asibiti, likita ya ce bai ga komai ba sai rama da rashin barci.

Wata yamma Zubaida ta bi ta soro ta dafa kafaɗarta. Yarinyar ta juyo a hankali, ta yi magana da muryar tsohuwa, a gajiye.

"Yau ma ba su zo ba."

Zubaida ta ja baya har ta bugi bango. Washegari Sabitu ya tafi Tirwun ya ɗauko Malam Mahfuz, dattijon malami da aka sani da ruƙiyya.

Malam Mahfuz ya iso bayan la'asar. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a soro, ya zauna yana jan carbi har Zakiyya ta shigo da ƙullinta. Ya fara karatu a hankali, ba ya ɗaga murya. Can sai yatsun yarinyar suka ƙanƙame, bayanta ya ranƙwafa kamar na mai shekara tamanin.

"Ya isa, Malam. Ba faɗa na zo ba."

"Wace ce ke?"

"Ni aljana ce, Musulma. Gidana gindin ɗinyar da ke bakin mashigin rafi. Nan na haifi 'ya'yana, nan suka haifi nasu."

"Me ya kawo ki jikin yarinyar da ba ta yi miki komai ba?"

"Tambayi ɗan A'i." Idanun Zakiyya suka juya kan mahaifinta. Ban da tsofaffin ƙauyensu babu mai kiran Sabitu da sunan mahaifiyarsa.

"Shi ya zo da masu awo," in ji muryar. "Suka kafa turaku, suka shafa wa ɗinyata jan fenti. Da bakinsa ya gaya wa mutane gada za ta bi ta nan, za a sare itacen. Ban yi gardama ba. Na ga matan garin nan suna naƙuda a bakin ruwa, na ga wadda ba ta kai wancan gefen ba. Na ce a yi gadar, mu za mu tashi. Muka kwashe kayanmu muka koma kan fako, ba inuwa, ba mafaka. Damina ta zo ta wuce. Muka koma gida, sai ga su sun dawo da sabon fenti. Muka sake fita. Yanzu jikokina suna kwana cikin ruwan sama, ɗinya tana nan tsaye ba kowa a cikinta. Na gaji."

"Duk da haka zalunci kika yi," in ji Malam Mahfuz. "Yarinyar nan ba ita ta kafa turke ba."

"Na je inda yake aiki. Na tsaya a kansu suna taro, babu mai ji. A nan aka ji ni."

"Me kike so?"

"Ya faɗa min ranar da za a fara. In ya faɗa, na fita yanzu."

Zubaida ta kama gefen rigar mijinta. "Malam, ka faɗa mata wata rana mana. Ko wace ce."

Malam Mahfuz ya girgiza kai. "Malam Sabitu, kada ka yi alkawarin abin da ba ya hannunka. In ka saɓa, dawowa za ta yi, kuma ba zan iya ba ta rashin gaskiya ba."



"Ban san rana ba," in ji Sabitu. "Ba ni ke zaɓa ba."

"To wa ke zaɓa?"

"Mu aikinmu awo ne. Hanyoyin da ake nema sun fi kuɗin da ake da shi nesa ba kusa ba, dole a jera su. Mukan duba yawan mutanen da hanya za ta amfana, da amfanin gonar da za a fitar, da nisansu da asibiti, da abin da aikin zai ci. Mukan ƙirga motocin da ke bi. A nan kullum ake kayar da mu, a ce mota ba ta bin hanyar Rafin Ɗinya. Na ce ta yaya mota za ta bi inda ba gada? Na yi ta faɗa har aka yarda, tamu ta hau kan gaba a jerin. Amma in mun gama sai mu miƙa sama. Can akwai mai cewa yankinsa bai samu komai ba bara, akwai masu ba da rance da ke son babban titi, akwai mai son aikin da za a gani daga cikin gari kafin zaɓe. In takarda ta dawo, sai in tarar an sa titi mai fitilu zuwa sababbin gidaje, tamu kuma an ce sai baɗi."

"To awon naku, amfaninsa me?"

A waje ana jin masu keke napep suna ta hon a bakin titi.

"Na ji," in ji muryar daga ƙarshe. "Kai ma kan fako kake. To ga sharaɗina. Ka je da hannunka ka tuge turakun nan, ka kankare fentin, mu koma gidanmu. Ranar da kuka zo da gaske, da motocin aiki ba da fenti ba, a tsaya a gindin itacen a yi sallama a faɗa. Za mu tashi."

"Turakun nan su kaɗai mutanen garin ke gani su sa rai," in ji Sabitu.

"Su ko 'yarka."

Ya dubi Zakiyya, ƙasusuwan wuyanta duk sun fito. Ya ce ya yarda. Malam Mahfuz ya sa tsohuwar ta rantse da Allah ba za ta sake taɓa kowa a gidan ba, ta rantse. Ya ci gaba da karatu. Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta zube a cinyar uwarta. Da ta buɗe ido, da muryarta ta ce, "Umma, yunwa nake ji."

Ranar Asabar Sabitu ya hau acaɓa daga Zungur har inda hanya ta ƙare a bakin rafi. Ruwa ya cika, jajawur, yana gudu. Turakun suna nan a jere, kuma ya tarar mutanen gari sun kewaye kowanne da duwatsu don kada shanu su ture shi. Ya ɗauke duwatsun, ya fara tugewa ɗaya bayan ɗaya. Ya sa wuƙa ya kankare jan fentin da ke jikin ɗinya.

Ƙanin mahaifinsa, Baffa Mika'ilu, ya taho daga gona da fartanya a kafaɗa, ya tsaya yana kallonsa.

"Sabitu, canza wurin gadar za a yi?"

"A'a, Baffa."

"An fasa ke nan?"

"Ba a fasa ba. Ba a dai sa ta ba."

Tsohon ya jinjina kai.

A tsallaken rafi wasu maza suka ɓullo ɗauke da wata mata mai naƙuda a kan ƙyauren ɗaki, tsofaffin mata biyu na biye da su da ƙullin zannuwa. Suka tsaya a bakin ruwa suna neman inda ya fi sauƙin shiga. Su uku ne, kusurwa ɗaya ta ƙyauren ba mai riƙewa.

Sabitu ya zubar da turakun a ƙasa, ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya shiga ruwan.