Tsohon Kunne

Ranar da yarinyar ta fara shigowa shagonmu na gyaran rediyo, jikana yana riƙe da ƙarfen narka dalma. Ta ajiye 'yar sifika a kan tebur, ta ce muryar sifikar ta shaƙe. Ya kalle ta, ya ci gaba da kallo, har dalma ta ɗiga masa a yatsa. Ni shekarata hamsin a sana'ar nan, wuta ta ja ni sau huɗu ban mutu ba, ban taɓa ƙonewa saboda mace ba sai kakarsa.

Jikan nan nawa mawaƙi ne, Zaƙi muke ce masa. Ba kamfani, ba ubangida. A bayan shago yake ɗaukar waƙoƙinsa, ya lulluɓa da bargo don kada ƙarar titi ta shiga.

Da ya gama gyaran, sai ya gwada sifikar da waƙarsa.

"Wa ke waƙar nan?" ta tambaya.

"Ni ne, amma ba wanda ya san ni. Akwai wani mai sharhin waƙa a intanet, wai shi Tsohon Kunne. Wanda ya yaba ya tashi. Sau goma sha ɗaya ina tura masa saƙo, ko gaisuwa bai amsa ba."

"Me kake rubuta masa?"

"Baba, ranka ya daɗe, ga waƙoƙina ashirin, a taimaka."

"Ashirin lokaci guda? Ka taɓa karanta abin da yake rubutawa kuwa?"

"Wa ke da lokacin surutun tsoho?"

Tari ya sarƙe ta, ta ɗauki kayanta ta fita. Bayan kwana biyu ta dawo da sifikar a sake dubawa, alhali lafiyarta lau.

Daga nan soyayya ta kama. Ya sa mata suna Amshi. Ban yi makaranta ba, amma abin da aka karanta a gabana kaina ba ya zubarwa. Ya rubuta mata: "Amshina, ranar da ba ki leƙo ba, ko rediyon da na gyara ba ya kama tasha."

Ta amsa: "Zaƙina, rage baiti na biyu na waƙarka, ya yi tsawo. Duk da haka sau tara na ji shi yau."

Da maganar ta kai kunnen mahaifinta, tsohon malamin makaranta, ya ce bai yarda ba. "Mawaƙin da ba a taɓa ji ba? Ya kawo min mutum ɗaya, ba danginsa ba, wanda ya saurare shi har ƙarshe. In babu, ya haƙura da 'yata."

Zaƙi ya ruɗe. Tana zaune kusa da shi a kan bencin shago ya tura wa Tsohon Kunne saƙo na sha biyu: "Baba, aurena na hannunka." Nan take waya ta yi ƙara a jakarta. Ta ciro, sai ga saƙonsa a fuskar wayar.

"Me wayar tsohon nan take yi a jakarki?"

"A... a gidanmu yake," ta ce, ta tashi da sauri.

Kwana uku yaro bai ci abincin kirki ba. Wai tsoho ya ƙwace masa budurwa. Ni kuwa na zauna na haɗa lissafi kamar yadda nake haɗa waya. Tsoho, a gidansu, mai taurin kai: ai ubanta ne.

Da safe na sa babbar rigata, na ɗauki sifika mafi ƙarfi a shago, na ja Zaƙi muka nufi gidan. Muka tarar da malamin a falo yana karanta jarida.

"Malam, ashe kai ne Tsohon Kunne."

Ya taɓa kunnensa. "Na hagun dai ba ya ji sosai, amma wa ya gaya maka?"

"Ka amsa ke nan. Yaro ya turo maka sau goma sha biyu ka ƙi ji. Yau za ka ji."

"Ya turo min me, Baba?"

Ban kula shi ba, na kunna. Ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu. Ya riƙa kallona, yana kallon Zaƙi, yana kallon ƙofa. Can na ga ƙafarsa tana bin kiɗan a ƙarƙashin tebur.

Waƙar na ƙarewa Amshi ta fito daga ɗaki.

"Abba, ni ce Tsohon Kunne. Da nake rubutu da sunana, hotona ake tambaya, ba a karanta komai, shi ya sa na sauya."

Zaƙi ya zauna a ƙasa. "Ke nake ce wa Baba?"

"Ni ce. Saƙonninka na farko ban buɗe ba, domin wanda ya turo ashirin bai san wacce ce mai kyau ba. Daga baya kuma na fara son ka, kuma ba na yabon wanda nake so a shafina. Masu karatu sun yarda da ni."

"Ke nan har yanzu ba shi da mai shaida," in ji uban.

"Malam," na ce, "kai danginmu ne?"

Ya cire tabarau ya goge.

"A'a," ya ce. "Tukuna dai. Sake kunna min, ta wannan kunnen."

A makon nan Amshi ta zaunar da Zaƙi ya karanta sharhin wata marubuciya har guda goma, sannan ya tura wa marubuciyar waƙa ɗaya tak da saƙo mai layi uku, ya kira ta da sunanta daidai. Ana gobe ɗaurin aure matar ta rubuta cewa akwai wani tsohon kaushi mai daɗi a ƙasan muryar yaron, ba ta san inda ya samo shi ba.

Na sa aka karanta min wurin sau uku a gaban baƙi, sannan na yi gyaran murya don su gane da kansu inda ya gado shi. Na haɗa hannun yaran na ce, Allah ya sa ku riƙa jin juna har ƙarshe, ya ba ku 'ya'ya masu albarka da ƙarfin kakan ubansu.