Siket Mai Mummunan Suna

Ranar da Nuhu ya fara shiga shagon Rifkatu a layin teloli na kasuwar Suleja, saura kaɗan a fasa masa kai da dutsen guga.

"Don Allah tutu nake so ki yi min," in ji shi bayan gaisuwa. "Da ɗan yawa, kafin ƙarshen zangon karatu."

Rifkatu ta tsayar da keken ɗinki, ta dube shi sama da ƙasa. Saurayi ne fes, riga a goge, biro a aljihu. Wannan ne ma ya ƙara ba ta haushi.

"Malam, masai yana bayan tasha. Nan shagon ɗinki ne."

Sai a lokacin ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Madam Funmi, mai makarantar kuɗin da yake koyarwa, ta dawo daga Landan a shekarar 1994 da kaset ɗin wata rawar Turawa mai suna bale, ta rantse ɗalibanta mata za su yi ta ranar ba da kyaututtuka. Ya kwana biyu yana jin sunan siket ɗin rawar a bakinta, har ya manta abin da kalmar take nufi da Hausa.

Gumi ya karyo masa. Ya buɗe ƙaton littafin da ya zo da shi, ya nuna mata hoton siket ɗin, fari, a baje kamar faifai. Ta yi ƙoƙarin ci gaba da ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata.

"To, Malam Tutu, zauna mu gani."

Aikin ya zame mata ƙarfen ƙafa. Babu irin yadin a Suleja, sai ta sayo gidan sauro ta yayyanka, ta tsoma a sitati. Da rana siket ya miƙe, da hadari ya haɗo sai ya langaɓe kamar ganyen alayyaho. Ta farke, ta sake, ta farke. Wata rana takaici ya sa ta jefa masa shi a fuska.

"Wane irin mutane ne za su ƙirƙiro tufar da ba ta rufe komai, kuma ba ta ɗinkuwa?"

"Da ba haka take ba, Rifi," ya ce yana cire net ɗin gidan sauron daga kansa. Ya juya littafin baya. "Kin ga farkonta, a fadar sarakunan Faransa. Riguna masu nauyi har ƙasa. Sai masu rawa suka ga ana asarar aikin ƙafarsu, ba a gani. Aka rage zuwa idon sawu, aka rage zuwa ƙwauri, a hankali har aka zo nan."

"Wa ya ba ka izinin kirana Rifi?"

"Zuciyata. Na hana ta, ta ƙi ji."

Ta sunkuyar da kai tana neman zaren da ke hannunta. Gaskiyar magana, ta kamu. Shi kuwa tun ranar farko ya gama yawo.

Akwai mai jin zafin wannan zama. Daniel, shugaban mawaƙan cocinsu, ma'aikaci a Abuja mai sabuwar basfa, ya daɗe yana zarya gidansu Rifkatu a unguwar Maje. Ya san sarai abin da ake ɗinkawa, amma da ya je wurin mahaifinta, Baba Ayuba, dattijon coci, sai ya yi kalar tausayi.

"Baba, ban so faɗa ba. Duk kasuwa ana cewa wani malami yana zuwa kullum Rifkatu tana yi masa tutu."

Ranar gidan bai zaunu ba. Duk bayanin da Rifkatu ta fara, sai kalmar ta faɗo a ciki, tsohon ya ƙara hawa. Ya hana ta aikin, ya hana ta ganin Nuhu. Ta yi kuka har ta gode wa Allah, kukan haushi, don babu abin da ya fi ciwo irin a raba ka da masoyi kan maganar da ko maimaita ta ba za ka iya ba a gaban manya.

Nuhu ya ɗauki littafinsa ya tafi Maje. Ya durƙusa ya gaishe da Baba Ayuba, ya yi rantsuwa cewa sunan tufa ne, ya buɗe hoton don ya wanke kansa. Da ma bai buɗe ba.

"Wannan za ka sa wa 'ya'yan mutane? Ashe sunan ya fi abin kyau!"

"Baba, a yi haƙuri a duba baya."

Ya riƙa juya shafi, siket yana ƙara tsawo. Da suka iso kan wasu mata cikin farin net mai laushi har ƙwauri, tsohon ya ɗora yatsa.

"Tsaya nan. Ai waɗannan da sauran iyaye a kansu. In wannan ne, ta ɗinka. Maganarka da ita kuma, sai na ga irin mutumin da kake."

Nuhu ya yi alkawari, amma da ya kai wa Madam Funmi maganar dogon siket, ta ce ba ta san zancen ba.

"Mista Nuhu, wannan ai old fashion ne! Short one nake so, irin na kaset. In ba za ka iya ba, akwai masu neman aikinka."

Ya koma shago ya faɗa wa Rifkatu. Ta ajiye almakashi da ƙarfi.

"To ka zaɓa mana. Ni na gaji. Baba ya ja nan, Madam ta ja can, sitati ma ya raina ni."

"Ɗinka dogon, Rifi."

"Aikinka fa?"

"Na ba Baba magana a durƙushe. Ɗinka dogon."

Dogon bai buƙaci sitati ba. Ranar biki yara suka fito cikinsa suna juyi, net yana bin su, iyaye mata suna ta tafi. Baba Ayuba yana can baya da sandarsa, bai tafa ba, amma bai tashi ba. Madam Funmi ta karɓi yabo da fara'a, sannan washegari ta sallami Nuhu, don ba ta son malamin da ke tsallake umarninta.

Da yamma Nuhu ya isa Maje. Rifkatu tana laɓe a bayan labule, tana sauraronsa.

"Baba, na zo in faɗa da bakina kafin a kawo muku. An sallame ni. Ba zan riƙe Rifkatu da alkawari ba alhali ba ni da abin yi. In kun ga Daniel ya fi..."

"Rufe min baki!" Tsohon ya buga sanda a ƙasa. "Yaushe na tambaye ka albashi? Cewa na yi sai na ga irin mutumin da kake. To na gani. Ka turo min manyanka."

Labule ya motsa.

"Ke kuma fito, na ga ƙafarki tun ɗazu."

Ta fito tana hawaye tana harararsa. "Wato bar wa Daniel ni za ka yi, ko?"

"Tsoro ne, Rifi. Ba zan sake ba."

Bayan Kirsimeti aka ɗaura aure, Nuhu yana ɗan koyar da yara darasin yamma a unguwar Iku kafin wani aiki ya samu. Matan zumunta suka cika coci da guɗa. Da fasto ya tambayi wanda ya ba da amarya, Baba Ayuba ya miƙe, ya kama hannunta ya sa a na Nuhu, ya daɗe bai saki ba.

"Ni na bayar, da zuciya ɗaya," ya ce. "Ubangiji ya albarkace ku, ya ba ku zaman lafiya. Nuhu, ita kaɗai gare ni. Ka riƙe min ita."