Tabarau a Goshi

Ana saukowa daga Juma'a rahoto ya iso ofishin 'yan sanda: an haura gidan Alhaji Yusha'u a Mando, an kwashe gwala-gwalan matarsa.

A gindin katanga Insfekta Sharhabil ya tsinci kyamara, da alama ɓarawon ya yar da ita garin gudu. Cikinta hotunan ƙofar gidan ne da na maigadi, duk an ɗauka da tsakar ranar nan. A jikinta akwai tambarin wani shagon hoto a Doka.

Mansur, manajan shagon, ya tarbe shi yana gyara tabarau.

"Ranka ya daɗe, sati guda ban taɓa kyamarar nan ba. Hansai ce ta fita da ita da safe. Ni ina masallaci."

Hansai ita ce mai ɗaukar hoton shagon. Ita ma tabarau gare ta, mai kauri kuwa. Da aka kawo ta ofis aka tura mata sitatimen na amsa laifi, ko biro ba ta kalla ba.

"Ba zan sa hannu ba."

"Kin san sel za ki kwana?"

"In kwana. Shekara shida ina shiga gidajen mutane ɗaukar biki, ko cokali bai taɓa ɓata ba. Na sa hannu, wa zai sake buɗe mini ƙofa?"

Insfektan ba ya son taurin kai, amma wannan ya burge shi. Ya fita tsakar gida da kyamarar. Rana ta kashe allon bayanta, dole ya leƙa ta 'yar tagar sama. Idonsa garau yake, amma komai dishi-dishi ya gani. Ya sa aka fito da Hansai.

"Malama, kyamarar nan ta lalace ne?"

Ta karɓa, ta ja mayafinta ta yi wa fuskarta inuwa, ta manna tabarau a tagar. Sai ta yi tsaki.

"An murɗa ɗan maɓallin gefen nan har ƙarshe. Mai raunin ido ke yin haka in ya cire gilashinsa. Ni ba na cire nawa, da mayafi nake tare rana."

"Kada ki mayar da shi," in ji Insfektan.

Washegari da hantsi ya kira Mansur, ya tsayar da shi a rana.

"Hansai ta ce kyamarar ta lalace tun Laraba. In haka ne, ba ita ta yi hotunan ba, sai in sake ta."

"Ƙarya take yi, ranka ya daɗe! Kawo."

Mansur ya sa ido da tabarau, hasken rana ya shigo masa ta gefe. Bai ko yi tunani ba, ya ture tabarau zuwa goshi, ya manna idonsa.

"Ga shi tar! Har lambar motar can ina karantawa."

"Ba ka taɓa maɓallin ba?"

"Me zan taɓa? Daidai take."

"Daidai da idonka. Ni ban ga komai ba, Hansai ma haka. Wanda ya leƙa ta na ƙarshe a Mando shi ya saita ta."

Mansur ya sauke kyamarar a hankali.

"Ƙanin matata ne ya haura," ya ce. "Ni hoto kawai na yi masa, ya ga inda maigadi ke zama. Na ɗauka ita mace ce, za a tausaya mata a sake ta."

Wani kofur ya sa masa ankwa, ya tasa shi gaba.

Insfekta Sharhabil ya juya wajen Hansai. "Ki yi haƙuri, Malama. Kina iya tafiya."

"A motarku kuka ɗauko ni, duk layinmu suna kallo," ta ce. "A motarku za ku mayar da ni, kuma kai za ka gaya musu da bakinka."

Insfektan ya laluba aljihu ya ɗauko makulli.